Jan Layin da Ya Ba da Shaida a Kan Yayana

Cikin duk tarukan da na rubuta bayaninsu a matsayin sakataren ƙungiyarmu ta adashen malaman firamare, akwai wata Asabar da ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin daga baya kuna jin ana cewa "zaman Bebeji". To, ga yadda aka yi.

Ƙungiyar ta haɗa malamai daga Bebeji da Kiru, da wasu kaɗan daga Tudun Wada. Duk wata ana cire wani abu daga albashin kowa. Wani kaso a ba da rance, wani a ajiye. Ma'ajinmu na farko shi ne yayana, Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Shi ya kawo shawarar a zuba kuɗin ajiyar a asusun hannun jari, wato inda ake tara kuɗin mutane da yawa a sayi hannun jarin manyan kamfanoni masu raba riba. Sai da ya kai takardun gaban malaman addini suka duba, suka ce babu giya babu kuɗin ruwa a ciki, sannan aka amince. Daga nan duk shekara riba takan faɗo mu raba wa mambobi. Gab da damina muke rabon, don haka yawancinta taki take zama. Ban taɓa ganin wanda ya dawo da tasa ya ce bai gane lissafinta ba.

Yaya ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba, sabon shugabanmu Alhaji Sabo, hedimasta ne a Kiru, ya kira babban taro. Ya ce lokaci ya yi da za a duba asusun nan da idon ilimi. Ashe duk shekarun baya da ƙeya muke dubawa.

Aka ɗauko wani matashi daga Kano mai suna Nura, ma'aikacin wani kamfanin dillalan hannun jari. Muka taru a wani aji a Bebeji, dattawa da furfura a kan bencin yara, gwiwa tana neman haɓa. Aka ta da janareto, aka haska majigi a bango.

Layi biyu suka fito. Ɗaya shuɗi ne, yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. Nura ya ce wannan farashin asusun ne na kowace rana. Ɗayan ja ne, miƙaƙƙe, ba ya gaggawa.

"Iyayena," in ji shi, "a ce mutum yana rubuta farashin buhun masara duk ranar kasuwa. In ya dubi na rana ɗaya zai iya ruɗewa, don wata ran an yi ruwa motoci ba su zo ba. Amma in ya haɗa na kwanaki da yawa ya raba, zai ga inda kasuwa ta dosa. Jan layin nan matsakaicin farashi ne na kwana ɗari biyu da suka wuce. Kullum sabuwar rana ta shigo, mafi tsufa ta fita. In shuɗin yana sama, jan yana hawa, alama ce mai kyau. In shuɗin ya faɗa ƙasa, sai a sa ido."

Bayanin ya fita sarai, har ni na gane. A bango kuwa jan layin ya yi shekaru yana tafiya kusan a kwance, kuma a 'yan watannin ƙarshe shuɗin ya nutse ƙarƙashinsa.

Alhaji Sabo ya miƙe, ya ɗauki sandar da ake nuna wa yara baƙaƙe da ita, ya bubbuga bango.

"Jama'a, ba ni na faɗa ba, na'ura ce. Shekara da shekaru kuɗinmu a shimfiɗe kamar tabarma!"

Nura ya ɗaga hannu kamar ɗalibi. "Ranka ya daɗe, akwai ƙarin bayani. Wannan zanen farashi ne kawai, ribar da kuke karɓa ba ta ciki. Hasali ma ranar da aka raba riba farashin yakan sauka, don kuɗin sun fita daga asusun sun shiga aljihunku. Hoton saniya ne, ba a nuna nonon da aka tatsa ba. Faɗawa ƙasa da layi kuma gargaɗi ne, ba hukunci ba. In an yarda, yanzun nan zan haɗa wani zanen da riba a ciki."

"Nono an sha ya wuce, ɗana. Man janareto kuma ba kyauta ba ne."

Aka yi dariya. Daga can bayan aji Malama Rabi, wata malamar aji uku, ta ce, "Ciyaman, ni dai da nonon nan na sayi takin gonata bara."

"Allah ya sa ta yi albarka, Malama. Zauna."

Sai Alhaji Sabo ya kawo shawararsa: a sayar da hannun jarin, in kaka ta zo a sayi masara a Doguwa a ajiye sai ta yi tsada. Cikin ikon Allah kuma, surukinsa yana da sito a can, babu komai a ciki.

Zan yi adalci. Ajiye hatsi ba sabon abu ba ne, iyayenmu sun yi sun ci. Da a nan aka tsaya, da na rubuta na tafi gida. Amma dokar ƙungiya ta ce ba a taɓa kuɗin ajiya sai an rubuta dalili, shi kuma Alhaji Sabo yana son dalilin ya zama yana da suna. Ya ce in rubuta cewa taro ya tabbatar zaɓin tsohon ma'aji bai amfani ƙungiya da komai ba.

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta cewa farashi ya faɗi ƙasa da matsakaicinsa. Gaskiya ce, kuma ta isa dalili. A bar mutum inda yake."

"Sakatare, mun san ciwon da kake ciki, Allah ya ƙara haƙuri. Amma nan ba zaman makoki ba ne. Ɗan'uwanka ake magana a kai, doka ta hana ka ƙuri'a. Kai dai riƙe bironka."

Gaskiyarsa ce, haka dokar ta ce. Ranar dai doka ta ga gata.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Daga inda nake zaune ina ganin ajin duka. Na san hannuwan nan, wasunsu da su aka ɗauki makarar Yaya. Wasu suka ɗaga sama sosai, wasu suka tsaya a wajen kunne, ta yadda in an tambaye su gobe za su iya cewa susa suke yi. Malama Rabi da 'yan kaɗan suka bar nasu a cinya. Nura ya duƙa yana naɗe wayar majigi, bai ƙara ɗago kai ba.

Na rubuta. Aikin sakatare shi ne ya rubuta abin da taro ya yanke, ba abin da ya yi masa daɗi ba. Da rubutun da Yaya ya kama hannuna ya koya mini na rubuta.

Da na gama, Alhaji Sabo ya gyara hula ya ce kafin a tashi a yi wa marigayi Fatiha, mutumin kirki da ya yi wa ƙungiyar nan hidima ba dare ba rana. Ban taɓa jin amin mai ƙarfi irin ta ranar ba.

Da la'asar na biya gidan marigayin a Ba'awa. Matarsa, Yaya Binta, tana cikin takaba. Muka gaisa, ta turo mini ruwa.

"Malam Sani, an ce yau taronku. Sun tuna da shi kuwa?"

"Sun tuna da shi sosai, Yaya."

"An yi masa addu'a?"

"An yi. Kowa ya shafa."

"Madalla," ta ce. "Ai na san ba za su manta alheri ba."

Na shanye ruwan na yi mata sallama.

Kada ku tambaye ni yadda masarar ta ƙare. Masu ita suna da rai, za su iya bayani da bakinsu. Ni abin da na ɗauka daga zaman nan kaɗan ne. Jan layin bai yi ƙarya ba, kuma har gobe in za ku auna irin wannan asusun, ku nemi a nuna muku shi. Amma farashi aka tambaye shi, farashi ya amsa. Sauran maganar mu muka sa masa a baki. Duk wanda ya haska muku zane a bango, ku tambaye shi abin da ba a sa a ciki ba. Ku kuma yi tambayar da wuri, tun wanda za a ɗora wa laifin yana zaune a cikinku, yana iya ɗaga nasa hannun.