Tukunyar Zubairu Mai Ganyen Dabino

Zubairu ɗan Mainasara ya gaji rumfar zubin tukwane a kasuwar Suk al-Shabi, amma bai gaji haƙurin ubansa ba. Tsohon idan ya zuba narkakken alminiyum cikin yashi, sai ya koma gefe ya sha shayinsa har ƙarfen ya daskare don kansa. Shi ko Zubairu tun yana saurayi gani yake jira aikin malalata ne.

Da soja suka karɓi mulki, sai gogan ya tsayar da gemu, ya ƙwallafa rai a kan kujera a lajana, wato kwamitin unguwarsu ta Alsawra, masu rabon katin sukari. A shekarun nan wanda ya riƙe sukari har liman gaishe shi yake. Don ya shiga ran shugaban lajana, ya yi alkawarin ƙera tukunyar da za ta ciyar da layi guda ranar farkon azumi, lokacin da maza ke shimfiɗa tabarmi a titi su sha ruwa tare.

Saura kwana biyu ya tattara gwangwanaye da tarkacen inji, ya narka, ya zuba. Jira ya gagare shi, ya kwara ruwa ta gefe ɗaya. Waje ya kama, ciki na nan ruwa-ruwa, ƙarfen ya daskare rassa-rassa kamar ganyen dabino, ga ƙananan ramuka tsakaninsu. Ko makaho ya shafa ya san aikin banza ne.

Yayarsa Khadiga ta duba ta ce, "Baba in ya ga wannan zanen, wuta yake mayarwa."

"Ado ne, ya Hajja," in ji shi. "Albarka ce ta fito."

Haka ya yi ta nuna wa mutane, ko kunya babu.

Ranar aka ɗora ta cike da balila, dafaffen waken shan ruwa. Ana dab da kiran salla, maza sun jeru, tukunyar ta tsage daga baki har gindi, romo ya kashe wutar. Mutum arba'in suka sha ruwa da dabino kawai, shugaban lajana na cikinsu. Kujerar dai wani mai gyaran keke aka ba.

Daga nan babu wanda ya sake kawo wa Zubairu aikin zubi. Har ya tsufa tukwanen kamfani yake sayarwa a rumfar, kuma kafin mace ta saya sai ya rantse mata ba shi ya ƙera ba.