Makulli Ɗaya Don Malama

A bakin kasuwa, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai gyaran agogo, akwai wani ɗan shago da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Nan Baba Mai Makulli ya yi shekara talatin da 'yan kai yana yanka makulli, yana gyaran kwaɗo da kuba. Dogo ne siriri, sunkuyo a kan inji ya ɗan tanƙwara masa baya. Ba shi da yawan magana, sai dai akwai zance ɗaya da in ka taɓo shi, to ka nemi kujera: ka ce kana son makulli ɗaya da zai buɗe duk ƙofofin gidanka.

"Zan iya," in ji shi, "aikin yini guda ne. Amma ranar da ya faɗi a motar haya, ka ba wanda ya tsinta gidanka kyauta, har da sito."

Mai agogo yakan leƙo ya ce, "Kai kaɗai na sani da ke korar ciniki da bakinsa."

Gidansa ƙofa bakwai ne, makulli bakwai. Matarsa ce ke riƙe da damin. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, shi ya sa kowa ke kiranta Malama, har shi mijin. Mace ce mai tsari, wadda ko cokali ya ɓata sai ta san wanda ya taɓa shi ƙarshe. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Auta, ma'aikaciyar jinya da ke aure a ɗaya ƙarshen garin.

Abin ya fara ne a hankali. Malama ta zuba gishiri sau biyu a miya, aka yi dariya. Ta kira Auta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun suna yara, aka ce tsufa ne. Sai wata rana da azahar ya dawo cin abinci ya tarar da hayaƙi na fita ta tagar kicin. Ta kulle ƙofar da tukunya a kan wuta, ga ta zaune a dokin ƙofa, makullan a watse a cinyarta, tana ɗaukar wannan tana ajiye wancan.

"Baban Auta," ta ce, hawaye na bin kumatunta, "wani ya canja mana ƙofofi."

Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba a warkewa, sai dai a sauƙaƙa mata rayuwa. A hanyar dawowa Auta ta kawo maganar makulli ɗaya. Ya fara karanta mata karatun da yake wa masu ciniki, ta katse shi.

"Baba, yi haƙuri, yanzu ba ɓarawo ne damuwarmu ba."

Washegari bai buɗe shago ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwance kuba ɗaya bayan ɗaya, yana sauya 'yan ƙarafunan ciki don su dace da haƙoran makulli guda. Da ya zo kan get sai ya tsaya. Ya san abin da ya kamata shi ne ya bar wa get makullinsa daban. Amma ya tuna ita ke buɗe masa get kullum in ya dawo, ita ke leƙawa gidan maƙwabciya su yi hira. Mace mai shekara sittin da takwas, a hana ta ƙofar gidanta kamar yarinya? Ya haɗa har da get ɗin.

Ya zura makullin a jan zare ya rataya mata a wuya. Ta gwada a ɗakinta ya buɗe, ta gwada a sito ya buɗe. Ta zagaye gidan kaf tana buɗewa tana rufewa, sannan ta riƙe ƙugu ta harare shi.

"Ashe kana iyawa? Shekara arba'in kana wahalar da ni a banza!"

Wata huɗu suka yi cikin daɗi. Ta daina kuka, ta koma shara da shanya, har waƙoƙin 'yan aji biyu take yi tana wanke-wanke.

Wata Talata ya dawo da rana ya tarar da get a buɗe. Ya duba ɗaki-ɗaki, har bayan sito, yana kiranta. Maƙwabciya ta ce ta gan ta da hantsi, ta ci ado, jaka a kafaɗa, har sun gaisa lafiya lau. Ya kira Auta a waya, ta taho. Suka bi tasha, suka bi kasuwa, suka leƙa asibitoci biyu. Sai bayan la'asar wani maigadi ya kira lambar da Auta ta rubuta ta saka a jakar uwarta.

A tsohuwar makarantarta aka same ta, tafiyar da ko matashi sai ya nemi mota. Lokacin hutu ne, ba kowa a harabar. Tana zaune a ƙasa a ƙofar aji biyu, takalmi ɗaya ya ɓace, tafin ƙafar ya kumbura ya fashe, leɓɓanta sun bushe ƙamas. Da ta ga mijinta ta ɗaga makullin.

"Ya ƙi buɗewa. Ga shi yara za su zo."

Kwana uku ta yi a asibiti ana ƙara mata ruwa. Kafin a sallamo ta ya sauya kubar get ɗin, ya saka sabon makullin a aljihunsa, bai faɗa mata ba.

Daga nan kullum da safe sai ta yi wanka ta shirya, ta je get ta zura makullinta. Ya shiga, amma ba ya juyawa. Ta cire, ta hura masa iska, ta goge da gefen mayafi, ta sake. Shi kuma ya daina fita da wuri, yana zaune a kan benci yana kallon bayanta.

"Baban Auta, wannan ya lalace. Gyara mana, ba aikinka ba ne?"

"Zan duba, Malama."

Gobe ta manta, su sake yi daga farko. Mutumin da bai taɓa ce wa mai ciniki gobe ba alhali ya san ba zai yi ba, sai ga shi yana faɗa wa matarsa haka kowace safiya. Da yamma yakan riƙe hannunta su taka zuwa ƙarshen layi su dawo, amma ita ba wannan fitar take so ba.

Wata safiya ta gwada sau biyu ta bari. Ta juyo ta dube shi da idon nan nata na da, wanda take duban ɗalibin da ya ɓoye wani abu a bayansa.

"Kai ka canja, ko?"

Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta cire zaren daga wuyanta, ta ajiye makullin a kan taga, ta shiga ɗaki. Ya kai mata shi da rana, ta kawar da kai. Ba ta ƙara zuwa get ba, ba ta ƙara tambaya ba. Maganarta ta riƙa raguwa, har ya zama sai ya yi ta jan ta da hira kafin ta ce "to". Bayan shekara guda da 'yan watanni, wata safiya ana yayyafi, ta cika a ɗakinta, Auta na gefenta, shi yana riƙe da ƙafarta.

Da masu gaisuwa suka watse, Auta ta same shi a kan bencin nan, ta zauna kusa da shi.

"Baba, ka daina ɗora wa kanka. Ba don makullin nan ba, da watanni huɗun nan ba ta same su ba."

"Ba yin sa ke damuna ba, Auta. Ta tambaye ni, ban amsa mata ba. Tana cikin hankalinta ranar, na gani a idonta. Da ma na ce mata ni ne, na ba ta haƙuri."

Auta ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

Bai daɗe a shago ba bayan haka. Hannunsa ya fara rawa, makullin da ya yanka sai an dawo da shi. Ya sayar da injin, aka ba da gidan haya, ya koma wurin Auta, ɗakin da ke kusa da kicin. Yana nan har yanzu. Shi ke share tsakar gida kafin kowa ya tashi, yana sauraron rediyo, yana cin abinci in an matsa masa. Wani lokaci da safe yakan haɗa shayi kofi biyu, ya tsaya yana kallonsu. In Auta ta fito da shirin aiki ta gani, sai ta ɗauki ɗaya ta sha a tsaye, ta ce sukari ya yi daidai, ta fita.