Bandejin da Na Kwance wa Baba

Shekaru sun ja, amma ranar da na ga agarar mahaifina a ƙarƙashin na'ura ba za ta taɓa fita daga raina ba. Abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga ɗakin binciken nan na babban asibitin birni shi ne wani ɗan faranti na gilashi, da farin abu siriri a kwance cikin ruwa. Nan take na gane shi. Agarar akuya ce, jijiyar nan ta bayan dunduniya da muke yi ta tauna ranar Sallah ta ƙi tsinkewa.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, a ƙauyenmu da ke bayan Minjibir. Shekarar ta zo da wuya, rumbunmu ya ga ƙasa tun kafin ruwa ya sauka. Ana gama shuka garma ta sari Baba a bayan ƙafa. A asibitin gari aka ɗinke masa, aka ɗora rabin siminti, aka naɗe da bandeji, aka ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai bayan sati shida.

Sati uku kawai ya iya. Ciyawa ta taso ta rufe geron, maƙwabta sun yi mana gayya sau ɗaya, kowa kuma yana da tasa gonar. Wata safiya Inna ta tafi rijiya, ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, zo ki kwance mini wannan abin."

Na durƙusa na kwance. Ina warware zagaye na ƙarshe na ga wani ɗan rami a saman dunduniyar, kamar inda aka danna babban yatsa a malmalar tuwo. Ɗaya ƙafar ba ta da shi. Na duba sau biyu. Ni kuwa yarinya ce da ko a aji in na san amsa ba na ɗaga hannu, balle in ce wa mahaifina kada ya fita. Na ninke bandejin tsaf, na miƙa masa fartanya.

Ya yi noman fari, ya yi maimai. Kafin kaka ƙafar ta daina ɗaga shi, sai dai ya ja ta. Aka tura mu birni, aka sake yi masa aiki, aka yanke wurin da ya warke ba daidai ba, aka ɗora sabon siminti. Ni aka haɗa shi da ni, saboda Inna tana goyo, ni kuma ina iya karanta takardun asibiti.

A can wata likita mai bincike a kan jijiyoyi ta roƙi Baba ya bar ta ta duba ɗan abin da aka yanke. Ya yarda da sharaɗi biyu: a nuna masa, kuma in an gama a ba shi abinsa ya kai gida ya binne, don ba a barin naman mutum a yashe. Shi ya sa na turo shi a keken marasa lafiya har ɗakin.

Likitar ta ce agara zare-zare ce, ana kiran zaren kolajin, kuma ƙarfinta yana wurin yadda zaren ya kwanta. Ido ba ya ganinsa, sai da na'urar, wadda ta ce sunanta Raman. Tana harba wani siririn haske mai fuska ɗaya a kan jijiyar, hasken da ya dawo kuma ya zana layi a allon kwamfuta.

"Baba, ka san ganyen kaba?"

"Da shi na girma, Likita."

"In ka tsaga shi a tsaye?"

"Ya bi hannunka. A kwance kuwa sai ya ba ka wuya."

"To haka hasken nan yake gane inda zaren ya dosa."

Ta fara da ta akuya. Tana juya farantin kaɗan-kaɗan, wani tsini a layin yana hawa, yana sauka, yana sake hawa. Ta ce wannan alama ce zaren duk ya kwanta hanya ɗaya. Sai ta ɗora ta Baba. Ta juya, ta sake juyawa, ta kai shi har zagaye. Tsinin ya ɗan motsa kawai, ya tsaya inda yake.

Baba ya yi 'yar dariya. "Wato akuya ta ci jarrabawa, ni na faɗi."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce zarensa ya harɗe, kowane ya kama gabansa, domin ɗinkin ya buɗe tun bai kama ba, jiki ya cike gurbin da abin da ya samu. Ta tambaya ko wurin ya taɓa lotsawa bayan ɗinkin farko.

"Ban gani ba," in ji Baba. "Mutum ba ya ganin bayan ƙafarsa."

Ni na gani. Ina tsaye a bayan keken, na riƙe ƙarfensa. Sai da ta naɗe ɗan naman a auduga ta sa a kwalba ta miƙa masa, sannan na yi magana.

"Akwai rami. Ni na kwance bandejin."

Baba bai juyo ba. Ya ce, "Ni na sa ta." Na tura keken muka koma ɗakin kwanciya.

Mun binne abin a gindin darbejiyar gidanmu. Baba ya tashi, yana zuwa masallaci da sanda, amma bai sake bin kunya da garma ba har Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ce na kasa sauke shi. Ban sani ba ko da na yi magana ran nan zai saurare ni. Abin da na sani shi ne, wanda Allah ya ba idon lura, in ya gani ya yi shiru don kunya, ganin bai amfani kowa ba.

Amma tun muna asibitin birnin, ranar da za a sallame mu, na koma ɗakin binciken ni kaɗai. Na daɗe a bakin ƙofa kafin in yi sallama. Likitar ta ɗago kai, na miƙa mata littafina na makaranta da biro.

"Don Allah, Likita, ki rubuta mini ranar da za a cire wannan simintin, ki sa hannu. In Baba ya sake cewa in kwance, ina so in sami abin da zan nuna masa."