Ƙaramin Maleƙi

Tun ina ƙarama ba na ganin nesa. Abin da ke tafin hannuna ina ganinsa sarai, shi ya sa littattafan soyayya suka zame mini duniya, ina kai su har bakin hanci in karanta. Amma mutum in ya ɗan yi nisa, sai ya koma inuwa mai launi. Da murya nake gane mutane, da irin takunsu. Innata ta makance tun ba ta tsufa ba, kowa a Keita ya san haka. Ta sha gaya mini kada in bari dangin miji su ji cewa nawa idon ma yana da rauni. Ta ce ba mai ɗaukar ɗiyar makauniya in ya ji ita ma ta fara lalube.

Mai nemana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, dogo, mai murya a kwance. A zuciyata na riga na sa shi cikin littafi, na ba shi duk kalaman da bai taɓa faɗa mini ba. Yana da madubin hangen taurari da wani Bature mai aikin gyaran ƙasa ya bar masa da zai koma gida.

Da yayarsa ta zo daga Bouza don ta gan ni kafin a aiko manya, sai ya gayyace mu kallon wata a tudun bayan lakwal. Bayan la'asar ne, rana ba ta faɗi ba, rabin wata ya riga ya fito, in ji su. Ni dai sama kawai na gani. Akwai malamai biyu abokansa a wurin.

Ya buɗe wani akwatin katako. A ciki akwai ƴan gwangwanaye masu gilashi, waɗanda ake sawa a bakin madubin a ɗora ido. Maleƙi yake ce wa kowanne. Ya ce mai faɗin gilashi yana nuna wata gaba ɗaya, da haske, ba wahala. Mai ƙaramar ƙofa kuwa yana jawo shi kusa ƙwarai, amma yana rage haske, kuma wata ba ya daɗewa a ciki yake ficewa.

"Kowa ta zaɓi nata," in ji shi.

Yayarsa ta ɗauki mai faɗin. Ta leƙa, ta daɗe, ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka yake."

Ni na ɗauki ƙaramin. Yana da zobe mai ruwan zinariya a wuyansa, ya kwanta a tafina kamar abin da ake ba amarya. Kuma na yi tunanin wanda ya fi jawowa kusa shi ne zai taimaki idona.

"Wannan na gwanaye ne, ƙanwata," in ji shi.

"Ina son kusa, Malam."

Abokansa suka yi ƴar dariya. Ya sa maleƙin, ya leƙa, ya daidaita da nasa ido, ya matsa mini. Na ɗora ido, gashin idona na gogar gilashin. Ban ga komai ba sai fari-fari mai rawa.

"Mi kika gani?" in ji yayarsa.

Ban da amsa sai wadda na karanta. Na ce sumul yake, kamar nono a sabuwar ƙwarya, ba tabo ko ɗaya. Na ce har da wani sanyi da yake zubowa daga gare shi.

Sai Malam ya ce, a hankali, "Bari in sa miki mai faɗin, ki ƙara ba mu labari."

Na ji ya sauya maleƙin, na kuma ji ƙarfen ya ɗan yi ƙara. Na sake leƙawa. Fari-fari dai. Na ce yanzu ya fi kyau, ga shi zagaye, har gefensa yana ƙyalli.

Ɗaya daga cikin malaman ya fashe da dariya har da tari. Ɗayan ya ce, "Malama, watan yana can, madubin yana kallon garin Azarori." Ashe Malam ya kawar da shi gefe da gangan. Sama tsura nake ta yabo.

Yayarsa ba ta yi dariya ba. Ta ɗan ja baya ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗiyar nan, mi ke hannuna?" Ban san ko goro ne ko makulli ba. Ta gyara mayafi ta ce wa ƙanenta su gamu a gida. Malaman suka bi ta, suna maimaita nono a sabuwar ƙwarya.

Muka rage mu biyu. Ya mayar da madubin kan wata, ya kama yatsuna ya ɗora a kan wani ɗan maɓalli a gefe, ya ce in murɗa sannu-sannu. Na murɗa. Farin ya tattaru, ya tattaru, sai ga shi. Rabin wata ne, duk ramuka, da tsaunuka masu inuwa, da fili mai toka kamar fakon da ruwa ya cinye. Ban taɓa ganin abu mai nisa da irin wannan kaifi ba. Hawaye suka hana ni gani, na share, na koma.

"Da ma wannan kaɗai ake murɗawa?" na tambaye shi.

"Shi kaɗai. Ko mai raunin ido yana gani."

"To mi ya sa ba ka gaya mini ba?"

"So nike Yaya ta gani da idonta. Na daɗe ina gaishe ki daga nesa ba ki amsawa." Ya fara naɗe ƙyallen akwatin. "Ki gaya wa Inna kada ta jira kowa."

Na ce ya bar ni in ƙara kallo kaɗan. Ya ce magariba ta yi kusa, zai je ya yi alwala. Ya zare maleƙin daga gaban idona, ya goge gilashin da gefen rigarsa inda gashin idona ya taɓa, ya rufe akwatin.

Na sauko tudun ni kaɗai, ina taɓa duwatsu da ƙafa kafin in taka, ina tunanin ta inda zan fara gaya wa Inna.