Layyar da Umma Ta Ji a Waya

Wasu shekaru da suka wuce, a zamanin korona, ina zaune a wani dogon bene a unguwar Cheras ni da wani abokina. Karatun digiri na biyu ne ya kai mu Kuala Lumpur. Ni ina fannin noma, shi yana ƙididdiga, kuma daga nan hanyarmu ta rabu. Ni idan lissafi ya wuce na canjin da mai kedai, wato mai shago, zai miƙo min, sai na ciro waya. Shi kuwa zai kalli layin mutane a tashar jirgin ƙasa na MRT ya gaya maka wanne ne zai riga ƙarewa, kuma abin haushin, haka ɗin za a yi.

Kulle ya zo ya rufe mu a ɗaki. Makaranta ta koma cikin kwamfuta, kuɗin tallafin karatu ya yi nisan kiwo, a Kano ma an kulle gari. Mahaifin abokina ya rasu tun kafin ya taho, mahaifiyarsa ce ke riƙe da ƙannensa da sayar da atamfa da leshi a cikin gida. To wa zai sayi leshi alhali an hana biki? Shi ne ɗan fari, sunan mahaifinta aka sa masa, don haka Babana take kiransa. Mu kuma duk Umma muke ce mata. Idan ya gama waya da ita sai ya fita baranda ya daɗe yana kallon titin da babu kowa a kai.

Da aka fara dawo da wasannin ƙwallo ba tare da 'yan kallo ba, sai na ga mutumina ya zama ɗan kallon gasar Koriya. Mutumin da ko sunan ƙungiya ɗaya bai sani ba a can! Da la'asar zai zauna a falo, wasa a waya, kwamfuta a cinya cike da lambobi suna ta rawa. Na leƙa na ce, "Malam, mene ne wannan kuma?"

Ya ce, "Kasuwa ce. Zauna ka gani."

Ya yi min bayani tiryan-tiryan. Wai a nan ba da kamfani kake karawa ba, mutane ne ke ciniki a junansu. Idan ka ce abu zai faru, sunansa back. Idan ka ce ba zai faru ba, ka tsaya ka karɓi kuɗin mai cewa zai faru, sunansa lay. Farashin kuma hawa yake yana sauka muddin ana taka leda. Shi abin da ya fi yi, kafin a fara wasa sai ya yi lay ɗin canjaras, wato ya ce ba za a tashi kunnen doki ba. Da zarar wata ƙungiya ta zura ƙwallo, farashin canjaras sai ya yi sama, shi kuma ya juya ya yi back a sabon farashin. Daga nan allon ya zama kore, ko wa ya ci wasan shi dai ya fita da ɗan abinsa. Duk sanda wani ya karɓi tayinsa a can ɓangaren, sai ya ɗan bugi cinya ya ce, "Lay ya shiga."

Na saurara har ya gama, na ce, "Malam, wannan ai caca ce."

"Caca ita ce ka rufe ido ka jira sa'a," in ji shi. "Ni trading nake. Ina saye, ina sayarwa. Meye bambancina da mai canji?"

Na san abin da na sani, amma bakina bai kai nasa ba. Kafin na haɗa jimla ɗaya ya kawo misali uku. Na tattara na koma kicin ina mita a kan tukunyar shinkafa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ban taɓa ganin mutum mai riƙe kansa irinsa ba. Kafin ya shiga ya riga ya yanke inda zai fita. Idan wasa ya yi nisa ba a ci ba, zai danna ya fita da 'yar asara ko gira bai ɗaga ba, ya tashi ya wanke kwanuka. Ba ya bin asara da gudu don ya rama. Ba ya taɓa wasan ƙungiyar da yake so, wai so yana ɓata lissafi. Shi ya fara nuna min cewa tunda filaye suka zama wayam, ƙungiyar gida ta daina samun wannan zafin da ihun 'yan kallo ke ba ta, alhali masu ciniki da yawa har lokacin tsohon tunani suke yi. Akwai samari 'yan gida Najeriya a unguwar Bukit Jalil da suka faɗa harkar suka ƙone ƙurmus, har da kuɗin makaranta. Idan suka kira shi neman sirri, abu ɗaya yake gaya musu: "Kowa ya iya shiga ai. Fita ce sana'ar." Abin da ya samu kuwa, bai taɓa sayen ko takalmi da shi ba. Kano yake turawa, ya ce wa Umma trading yake a kwamfuta, ita kuma ta yi ta sa albarka.

Wata Asabar da la'asar, Babbar Sallah saura 'yan makonni, Umma ta kira ta bidiyo. A Kano lokacin hantsi ne, ta gama karyawa. Ya jingina wayar da kwalbar ruwa suna gaisawa, ido ɗaya yana kan kwamfuta saboda an kusa take wasa. Na leƙo na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ta tambaye ni ya haƙuri da zaman ɗaki. Ana cikin haka wani ya karɓi tayinsa. Baki ya riga tunani, ya bugi cinya ya ce, "Yawwa, lay ya shiga."

Umma ta matso da fuskarta jikin waya. "Layya kuma, Babana? Tun yanzu? Ai watan ma bai kama ba."

Ni dariya ta taso min, na toshe baki. Shi ya fara in'ina. "A'a Umma, wani abu ne na aiki..."

Ba ta ma saurare shi ba, murna ta riga ta kama ta. "Ashe kai ma tana ranka. To bari in gaya maka, da so na yi sai ranar ka gani. Tun rasuwar babanku ban yi layya ba, ka sani. Duk abin da ka turo ina ɗan cire wani abu ina ɗaurewa gefe. Ya kusa isa rago. Bana da guminka zan yi layya, Babana. Halak ɗin ɗana. In an yanka in ɗaga hannu in yi wa babanku addu'a, in ce ga abin da ka bari."

Dariyar da ke bakina ta koma ciki. Ya ce, "To, Umma. Allah ya kai mu." Muryarsa kamar ba tasa ba. Suka yi sallama.

Bai motsa ba. Wasa ya ci gaba, can aka zura ƙwallo, farashi ya tashi daidai yadda ya lissafa, shi yana zaune hannu a haɓa. Abin kunya, ni mai wa'azin caca ni na daka tsalle ina cewa, "An ci fa! Danna mana, danna!" Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina, ya danna, ya rufe kwamfutar a hankali.

Ya ce, "Na yi wata da watanni ina kiran abin nan trading. Kai ma na kayar da kai. Amma ka ji yadda ta ce halak ɗin ɗana?" Sannan ya ce, "Zan iya yi wa kaina bayani. Ba zan iya tsayawa a yanka wa Allah rago da shi ba, da hannun Umma."

Karon farko ke nan da na ci musu a gidan, kuma ko kaɗan bai yi min daɗi ba.

Na ɗauka zai daina ne shiru, ya nemi wata dabara ya musanya kuɗin ba tare da ta sani ba. Ni da haka zan yi. Washegari ya kira ta da kansa. Ina kicin ina jin komai, don gidan ba shi da wani sirri. Bai yi kwana-kwana ba, bai ce back ba, bai ce lay ba, bai kawo misalin mai canji ba. Cewa ya yi, "Umma, kuɗin da nake turo miki na caca ne. A kan ƙwallo. Ki yafe min."

Can ta ce, "Inna lillahi." Sai ta ce, "Kuma kai ka kira ka gaya min da bakinka?"

"Eh, Umma."

"To. Wanda muka ci ba mu sani ba, Allah ya yafe mana. Wanda na ɗaure yana nan, ba zai kwana a ɗakina ba. Layya kuma ba dole ba ce ga wanda ba shi da hali. Bana ma a haƙura." A nan muryarta ta ɗan karye, ta yi saurin gyarawa. "Ka ci abinci kuwa?"

Ya ce, "Umma, za ki yi layya bana, in sha Allahu."

"Kada ka sa wa kanka abin da zai mayar da kai can, Babana. Na fi son ka a kan rago."

Daga baya muka ji ta bayar da kuɗin an gyara kwatamin layinsu da ya daɗe yana toshewa, ta ce kada ma a ambaci sunanta.

Shi kuma ya rufe asusun cacar nan gaba ɗaya, ya sanar a dandalinmu na ɗalibai cewa duk wanda ƙididdigar bincikensa ta gagara, zai koya masa ta bidiyo. Koyarwa, ba yi wa mutum aiki ba, a kan wannan har faɗa ya yi da wasu. Ni ne ɗalibinsa na farko, na biya kuɗina cif, kuma na sha tsawa a kan alƙaluman takin masarata fiye da yadda na sha a firamare. Abin da ake biya bai taka kara ya karya ba. Muka daina tapau, wato sayo abinci a ƙunshe daga gidan abincin da ake kira mamak, muka koma shinkafa da kifin gwangwani, wata rana a juya a ci kifin gwangwani da shinkafa.

Ranar da ba na mantawa ita ce ana saura kwanaki kaɗan Sallah, kuɗi bai cika ba, ƙanwarsa kuma kullum sai ta aiko cewa raguna sun ƙara tsada. Na kunna wasa a waya don ɗebe kewa. Ya ɗago daga aikin wata ɗaliba ya ɗan kalla, ya ce, "Ƙungiyar baƙin nan za su ci kafin hutun rabin lokaci." Ba a jima ba suka ci. Muka kalli juna. Na san lissafin da ke kansa, zama ɗaya zai cike masa giɓin. Ya yi murmushi ya ce, "Da yanzu allo ya yi kore." Ya mayar da kansa kan aikin ɗalibar, ya ƙara karɓar wasu biyu ya koyar har muryarsa ta dushe. Wallahi a ranar na ji girmansa ya cika min ido.

Ranar Sallah a falo muka yi sallarmu, muka zauna cikin manyan kaya ba inda za mu. Da yamma ƙanwarsa ta kira, a Kano an sauko daga idi. Ta juya wayar tana dariya: "Yaya, ga ragonka. Da ƙyar muka yarda ba tunkiyar maƙwabta ba ce." Ɗan rago ne tsamurarre, shekarunsa dai sun kai, amma ƙahonsa ya fi jikinsa kwarjini. Umma tana tsaye a gefensa da sabon mayafi, hannunta a bayansa tana shafawa. Muka kalla har aka yi bisimilla aka yanka. Ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, ta shafa. Sannan ta karɓi wayar, idonta jawur, amma bakinta da murmushi.

"Babana, yaya ma kake cewa in abin naka ya yi daidai?"

Ya sunkuyar da kai. "Umma, don Allah..."

"To ni ma bari in faɗa. Layya ta shiga."

Ya miƙe ya fita baranda. Ni na ƙarasa gaisuwar Sallar.

Na zauna da masu ilimi da yawa kafin nan da bayan nan, amma samun wanda ya gwanance a abu, abin yana kawo masa kuɗi a lokacin da gida ke buƙata, kuma ya kira shi da sunansa na gaskiya a gaban mahaifiyarsa ya ajiye, wannan sau ɗaya na gani. Ya sha gaya wa samari cewa fita ce sana'ar, ni kuma ina ɗauka zancen farashi yake.

Yanzu yana koyarwa a wata jami'a a gida, ni ina nan ina fama da masarata. Ba ma yawan waya. Amma duk Babbar Sallah sai hoto ya shigo min: Umma a tsaye, hannunta a bayan rago, ragon kuma kowace shekara yana ɗan fin na bara. A ƙasan hoton ba ya rubuta barka da Sallah. Abin da Umma ta faɗa yake rubutowa.