Wakilinmu Na Iringa

Shekara talatin da ɗaya Festo Kindole ya yi yana aika wa wata jaridar Dar es Salaam labarai daga Iringa, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa saka kansa a cikin labari ba. Haka editansa na farko ya hore shi: me ya faru, a ina, yaushe, mutum nawa. Abu mai muhimmanci a sama, tarkace a ƙasa, domin idan fili ya yi kaɗan daga ƙasa ake datsewa. Festo ya riƙe wannan karatu har ya bi shi gida. Ko matarsa Agnesi ta tambaye shi yadda ya wuni, sai ya fara mata da adadi. Ita kuwa ta yi dariya ta ce ya ci tuwonsa tukuna, jaridar ba za ta gudu ba.

Duk unguwar Kihesa Baban Yustina ake kiransa, kuma yana amsawa, ko da yake shekara tara ke nan Yustinar ba ta ce masa uffan ba. Kowa ya san dalili. Wata Talata aka kira shi cewa motar fasinja ta ƙwace a gangaren Kitonga. Ya ɗauki littafinsa ya tafi. An jera gawawwaki a bakin titi, yana bi yana ƙirgawa, sai ya tarar ta shida Agnesi ce. Bai daina ƙirgar ba. Ya kai goma sha ɗaya, ya tambayi ɗan sanda lambar mota, ya samu waya a Ilula ya karanta wa jarida labarin kafin a rufe shafi, sannan ya koma ya zauna kusa da matarsa.

Yustina tana makarantar jinya a Morogoro a lokacin. Da safe ta ga jarida, ga sunan mahaifinta a sama, ga mutum goma sha ɗaya "ciki har da mata huɗu". Sai da rana ta take saƙon rasuwar uwarta ya iso mata. Ranar da aka tashi daga zaman makoki ta ajiye masa jaridar a kan cinya, ta tambaye shi ko wace ce uwarta a cikin matan nan huɗu. Ta gama karatu, ta samu aiki a Botswana, ta tafi ba sallama. Mutum ne da zai iya tsara maka rikicin majalisar gari a layi goma, amma abin da ke cinsa ya rasa ta inda zai kamo shi. Kewar Yustina kuwa ba ta bar shi ya ji daɗin komai ba.

Da ya yi ritaya sai ya koma wa rediyo. Akwai wani shirin safe da ake buga waya, inda maza ke kwashe awa biyu suna daka wa juna tsawa a kan ƙwallo da haraji. Festo ya zama ɗan gida, har mai gabatarwa ya gane muryarsa. Wata rana aka ce yau haɗurran Kitonga za a tattauna. Ya buga sau goma sha kafin ya samu shiga, ya gyara murya, ya ce akwai wata mata da yake so ya ba da labarinta.

"Dattijo, daƙiƙa arba'in muke da ita," in ji mai gabatarwa. "Ka faɗa mana kai tsaye, laifin wa ne, direbobi ko gwamnati?"

Festo ya ce direbobi. Aka gode masa, aka saka tallar sabulu. Ba laifin yaron rediyon ba ne, aikinsa ke nan, a hura wuta a samu ɓangare biyu. Wanda ya zo da kewa ba shi da ɓangare, don haka ba shi da wurin zama.

Maman Zawadi ce ta buɗe masa bulog, wato shafin rubutu na kansa a intanet. Tsohuwar mai buga takardu ce a kotu, yanzu tana da shago kusa da babbar kasuwa, da injin kwafi ɗaya da kwamfuta huɗu, biyu daga ciki suna aiki idan sun ga dama. Ta gaji da ganinsa yana zuwa karanta jaridu a allo yana tsaki, sai ta ce tunda ya fi su iyawa ya rubuta nasa mana. Ya tambaye ta wa zai tace rubutun, ta ce babu. Layi nawa aka ba shi, ta ce har ya gaji. Ƙarfe nawa ake rufewa, ta ce ranar da ya mutu. Maimakon ya yi murna sai tsoro ya kama shi, don bai taɓa rubutu ba tare da wani a samansa ba.

Ya fara, kuma abin da ya iya shi ya yi. Farashin tumatir ya faɗi a Ilula. Ramuka sun addabi hanyar Ipogolo. Majiya ta ce, an ruwaito, ana zargin. Maman Zawadi ta karanta biyu ta ture allon.

"Baban Yustina, wannan ai gara in sayi jarida. Ita aƙalla in na gama sai in naɗe kifi."

Duk da haka ita ce ta nuna masa wurin da ake ganin ƙasashen masu karatu. Tanzaniya goma sha huɗu, kuma ta rantse goma sha biyu shi ne da kansa. A ƙasa kuma, Botswana, ɗaya. Mako ya zagayo, Botswana ɗaya. Wani makon ma haka. Maman Zawadi ta gargaɗe shi cewa yana iya zama kowa, ko wani ɗan Iringa mai tuƙa tirela da ke marmarin gida. Ya ce ya sani. Amma daga ranar ya fara saka kwat idan zai zo rubutu, yana goge takalmi, kamar mai zuwa ganin surukai.

Sau uku yana rubuta labarin Kitonga. Duk ukun suka fito labarin jarida, da lambar mota da bayanin 'yan sanda. A na ukun Maman Zawadi ta tsaya a bayansa da kofin shayi, ta karanta har ƙarshe, ta ce a hankali, "Wa ya ruwaito maka? Ba kai ne a wurin ba?"

Wata safiya a watan Yuni, sanyin Iringa na shiga har ƙashi, ya zauna ya fara daga ƙasa, daga tarkacen da edita kan datse. Ya rubuta yadda Agnesi ke hura shayi sau uku kafin ta kurɓa. Ya rubuta cewa ranar ta ce masa za ta Ruaha Mbuyuni sarin albasa, shi kuma ko kai bai ɗaga daga takardunsa ba. Ya rubuta cewa takalminta ɗaya ya ɓace, ya cire rigarsa ya rufe mata ƙafa don ta tsani a ga ƙafarta da ƙura. Ya ce ya ci gaba da ƙirga ne domin ya san idan ya tsaya a shida zai faɗi ƙasa, kuma ba zai sake tashi ba. Ya ce bai saka sunanta a jarida ba saboda in ya ga sunan a buge, to ta tabbata. Awa huɗu ya yi. Babu majiya, babu ɓangare na biyu, ba wanda ya ce masa lokaci ya ƙare. Ya aika.

Mutane suka karanta. Wani malamin makaranta daga Mafinga ya rubuta a ƙasa cewa ƙanensa ne na tara. Wata mata ta yi masa addu'a. Amma Botswana ta ɓace. Mako guda, mako biyu, babu ita a jerin. Festo ya rame. Abin da aka faɗa a rediyo iska ke kwashewa, jaridar jiya kuma ba mai nemanta, wannan rubutun kuwa yana nan zaune kullum inda ya bar shi, tsirara. Ya roƙi Maman Zawadi ta goge. Ta ce injin ya ƙi, ya dawo Litinin. Ƙarya take yi, kuma ya san ƙarya take yi, amma ya tafi.

Ranar Litinin ya tarar ta riga ta buɗe masa shafin, ta koma can wajen injin kwafi tana ta goge gilashin da ba shi da datti. A ƙasan rubutun akwai sabon saƙo, babu suna.

"Ba albasa ta je sara ba. Wurina za ta zo Morogoro. Na faɗi jarrabawa, na ji tsoronka, na kira ta na ce ta zo kar ta gaya maka. Ina tasha ina jiranta har motocin Iringa suka ƙare."

Ya karanta sau biyu. Shekara tara yana zaton shi kaɗai ne ke ɗauke da Kitonga, ashe yarinyar tana can da nata kason, mafi nauyi, ba ta da wanda za ta gaya wa. A zamanin aikinsa idan aka kama shi da kuskure, gyara ake bugawa a lungun shafi na biyu, shi ke nan an rufe magana. Ya tambayi Maman Zawadi inda ake saka gyara. Ta ce ba a sakawa, akwai ɗan akwati a ƙasan maganarta, amsa ake yi.

Ya rubuta layi takwas ya goge. Ya rubuta uku ya goge. A ƙarshe ya danna da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi:

"'Yata, da ta gaya mini, ni da kaina zan kai ta tasha in saka ta a motar nan. Ba ke ba ce."

Ya aika. Maman Zawadi ta ce yanzu 'yar tasa tana bakin aiki, ba lallai ta gani yau ba, ya je gida ya ci abinci. Ya ce to. Sai ya ja kujerar baya kaɗan, ya ɗora hularsa a kan gwiwa, ya zauna yana kallon akwatin.