Shinkafar Bikin da Ta Gurgunta Mini Sa

Shanun huɗa biyu gare ni a lokacin, ja da fari, a turke bayan gidana can gefen Daura ta hanyar Mai'adua. Jan shi ne mai hankalin. Shi ke bin kwarin kunya tiryan-tiryan, ko ba a riƙe masa igiya ba. Farin kuwa ƙarfi ne zalla babu lissafi, kamar ni a samartaka: inda ɗan'uwansa ya sa ƙafa nan yake sawa. In babu jan, babu huɗa, in babu huɗa kuwa, babu geron da za mu ci. Ni ba albashi ba, ba shago ba. Bokon ma aji ɗaya na yi, na gano inda ake sayar da rake a bayan makaranta, karatu ya tsaya nan.

A shekarar, bazara ta yi tsawo. Harawa ta ƙare, dusa ta zama sai mai hali. Sai na shiga dabara. Bawon dankali daga wajen masu suya, 'ya'yan gawo, bawon rogo in ya sha rana ya bushe ƙamas, da ƙanzon tuwo. In shanya, in daka, in gauraya da ƙaiƙayi, in barbaɗa kanwa. Kuma kaɗan-kaɗan, don cikin sa ba ya son ba-zata. Sabon abu yau tafin hannu, gobe tafi biyu, har tumbin ya saba.

Ƙanzon ne ya yi mini wuyar samu, sai na bi matan unguwa da wa'azi. Na ce duk wadda ta zubar da abinci a bola, ranar gobe da gashin ido za ta tsince shi. Ban san inda na samo wannan ba, ni dai na faɗa da murya irin ta masu rawani, kuma ya ci. Kullum sai ga kwanonin ƙanzo a ƙofar gida. Shanuna suka yi sheƙi lokacin da na mutane ke ƙirga haƙarƙari.

Ana cikin haka maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da yadi, ya aurar da ɗansa. Aka dafa shinkafa kamar za a ciyar da Katsina da Kano, baƙin da aka sa rai kuwa rabinsu ba su zo ba. Washegari na tafi kasuwar Mai'adua gyaran bakin garma, don gabas ta fara haɗa gira. Shinkafa ta kwana, ta fara tsami. Maimakon a raba wa mutane tun da daren jiya tana da kyau, sai da ta lalace aka tuna da ni. Hajiyar gidan ta sa aka kinkimo manyan robobi aka juye wa shanuna, da manta da yajinta da komai. Farin yana ɗaure can ciki, ɗan abin da ya kai gare shi kaɗan ne. Jan ne a bakin ƙofa. Shi kuwa sa bai san ya isa ba.

Na dawo bayan la'asar na tarar da shi tsaye, kai a ƙasa, ya daina tuƙa. Gefen hagunsa ya tashi kamar ganga, yana niƙa haƙora. Ga robobi an suɗe su tas. Na ƙwala wa mai ɗakina kira.

"Wa ya yi mini wannan aikin?"

"Hajiya ce ta aiko, Malam. Har godiya na shiga na yi."

"Godiya! Kin yi musu godiya sun kashe mini sa?"

"To ba kai ka ce kada a zubar ba? Da gashin idon wa kake so su tsince?"

Ba ni da lokacin gardama da mace mai gaskiya. Na ɗura wa jan ruwan kanwa da man gyaɗa, na hau mashin ɗin haya na ɗauko malamin dabbobi. Ya zura masa roba ta baki, iska mai wari ta fito, ya yi allurai. Ya ce hatsi dafaffe mai yawa haka yakan yi tsami a tumbi ya ƙone shi, in ma ya tashi a sa ido a kan ƙafafunsa.

Da safe na je wajen Alhaji a shagonsa. Ban je neman ko sisi ba. So nake kawai ya ce, "Baba, mun yi kuskure."

"Haba Baba," in ji shi, yana auna wa wata mata atamfa, "abin alheri ne fa. Shinkafa 'yar gwamnati, mai tsada, ba irin ƙanzon da kake ba su ba."

"Alhaji, kai in aka ɗura maka tiya goma ta zuma a zama ɗaya, alheri ne?"

"Ai dabba ce. Rabonsa ne ya ci."

"Da ka aiko a tambaye ni mana. Gidana ba bola ba ne."

Ya yi dariya, ya ce wa matar, "Kin ji tsoho da rigima. An ba sansa abincin biki yana ƙara." Ita ma ta dara. Wannan dariyar ta fi kumburin cikin ci mini rai. Mutum ya rasa inda zai zubar da ƙazantarsa, ya juye a turkenka, sannan ya koma gida yana jiran lada! Har yau a unguwar ana ba da labarin a matsayin kyautar Alhaji da rashin godiyata.

Jan ya tashi. Zawon da ya biyo bayan kumburin ya tsaya, ya koma tuƙa, har na fara murna. Sai kuma kofatansa suka ɗau zafi. Yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, ya fi son kwanciya. Ruwan shuka ya sauka yana haka. Na ɗora masa karkiya sau ɗaya, ya yi taku kaɗan ya durƙusa a tsakiyar gona, ya juyo yana dubana. Na kwance shi da hannuna.

Na aro san wani ƙanena daga Mashi, bayan ya gama tasa huɗar, na haɗa shi da farin. Ba su san juna ba. Wannan ya ja gabas, wancan ya ja yamma, ni ina baya riƙe da garma ina zagin da bai dace da furfurata ba. Kunyoyin suka fito kamar sawun maciji. Masu wucewa kan hanya har tsayawa suke su tambaya ko da ido rufe na yi aikin. Rabin gonar ban kai gare shi a kan lokaci ba, ciyawa ta riga ni, geron da muka samu bai kai mu rani ba.

Jan kuwa mahauci ya zo ya tafi da shi kafin kaka. Mota aka kawo har ƙofar gida, don ba zai iya takawa zuwa kasuwa ba.